Carl Seyfert: Masanin taurarin da ya rasu kafin duniya ta gane darajar abin da ya gano

A watan Janairun 1943, lokacin da hankalin duniya kacokan ya koma kan Yaƙin Duniya na Biyu, mujallar masana taurari ta Astrophysical Journal da ke Amurka ta buga wata maƙala wadda ba ta kai shafi 15 ba. Marubucinta matashi ne ɗan shekara 31 mai suna Carl Keenan Seyfert, wanda aikinsa na yau da kullum a lokacin shi ne koya wa sojoji dabarun gane hanya a tafiyar jirgi.

Maƙalar ta yi bayani ne a kan wasu garken taurari guda shida da ya lura cewa tsakiyarsu na fitar da wani irin haske da bai yi kama da na taurari ba. Bai san dalili ba, bai kuma yi iƙirarin sani ba. Ya auna abin da ya gani, ya rubuta, ya ajiye.

Aka yi shekara goma sha ba wanda ya damu da ita sosai. Yau kuwa duk ɗalibin ilimin taurari a duniya sai ya haddace sunansa, domin waɗannan garken shida su ne suka buɗe ƙofar sanin manyan baƙaƙen ramukan da ke zaune a tsakiyar garken taurari. Akwai kuma wata tambaya da ke kwance a cikin ma'aunansa, wadda har yanzu masana ba su gama amsa ta ba.

Ɗan mai kantin magani

An haifi Seyfert ranar 11 ga Fabrairun 1911 a birnin Cleveland na jihar Ohio. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya shiga Jami'ar Harvard a 1929 da niyyar zama likita. A shekarar ce tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka fara rufewa, miliyoyin mutane suka rasa abin yi. Duk mai hankali zai ba shi shawarar ya riƙe karatun likita da hannu bibbiyu.

Sai dai darussan wani matashin malami ɗan asalin Holan, Bart Bok, sun sauya masa tunani. Ya bar likitanci ya koma ilimin taurari. Ya kammala digirin farko a 1933, ya samu digirin digirgir a 1936 a ƙarƙashin Harlow Shapley, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Harvard. Bincikensa ya kasance a kan launi da ƙarfin hasken garken taurari na nesa.

Wannan fage sabo ne fil a lokacin. Garken taurari, wanda masana ke kira galaksi, tarin taurari ne biliyoyi da ke juyawa tare, haɗe da iskar gas da ƙura. Ranarmu tauraruwa ɗaya ce cikin sama da biliyan 100 da ke namu garken. Sai a tsakiyar shekarun 1920 ne Edwin Hubble ya tabbatar cewa akwai wasu garken daban a wajen namu. Ke nan Seyfert na cikin sahun farko na ɗaliban da suka taso suka tarar da wannan sabuwar fahimta.

A Harvard ɗin ne ya haɗu da Muriel Mussells, wadda ita ma ma'aikaciyar cibiyar ce, mai duba hotunan sama da ake ɗauka a kan faranta na gilashi. Sun yi aure a 1935. Shekara ɗaya bayan nan ita ma sunanta ya shiga jaridu, saboda ta gano wasu gajimaren gas masu siffar zobe guda uku da ba a san da su ba. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, mace da namiji.

Daga Tekzas zuwa dutsen Wilson

Aikinsa na farko ya kai shi ƙauye futuk. A 1936 ya tafi duwatsun Davis da ke yammacin jihar Tekzas, inda ake gina cibiyar McDonald da dukiyar da wani ma'aikacin banki ya bari wasiyya. Seyfert na cikin ma'aikatan farko da suka tayar da wurin. An ƙaddamar da madubin hangen nesa na cibiyar mai faɗin inci 82 a 1939, kuma shi ne na biyu a girma a duniya a lokacin. A nan ya koyi abin da zai yi masa rana daga baya, wato yadda ake tayar da cibiya tun daga tushe.

A 1940 ya samu tallafin bincike na shekara biyu a cibiyar Mount Wilson da ke Kalifoniya, inda madubi mafi girma a duniya yake, mai faɗin inci 100. A wannan madubin ne Hubble ya yi ayyukan da suka fito da sunansa.

Aikin ba na raggo ba ne. Babu kwamfuta, babu kyamarar zamani. Mai bincike kan zauna cikin duhu da sanyin dare a kan dutse, idonsa a kan tauraruwa guda, yana gyara madubi kaɗan-kaɗan na tsawon awanni, domin ɗan hasken da ya zo daga nesa ya taru a kan farantin gilashi. Da gari ya waye sai a wanke farantin, a ɗauko madubin ƙara girma, a shiga awo.

Abin da haske ke faɗa

Kafin a fahimci abin da Seyfert ya gani, sai an san yadda masana ke karanta haske. Idan aka bi da haske ta cikin wani gilashi na musamman, yakan rarrabu zuwa launuka kamar bakan gizo. Kowane sinadari yana da gurbinsa a cikin wannan baka. Haidirojin na da nasa, oksijin na da nasa, kamar yadda kowa yake da zanen yatsansa.

Hasken taurari yakan zo da siraran layuka masu duhu a waɗannan gurabe. Ita kuwa iskar gas mai tsananin zafi, layuka masu haske take fitarwa. Saboda haka da ganin layi mai haske, an san akwai gas da wani abu ke gasawa.

Faɗin layin shi ma labari ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano zuwa Gwarzo ya ji tirela ta wuce tana danna ham, ya san sautin kan yi tsini idan tana tahowa, ya kuma yi kauri da zarar ta wuce. Haske ma haka yake. Gas ɗin da ke tahowa wajenmu layinsa kan ɗan gusa ɓangaren shuɗi, wanda ke gudu daga gare mu kuma ya gusa ɓangaren ja. Idan gas na kewaya wani abu da gudu, wani sashe na tahowa wani na tafiya, sai layin ya baje hagu da dama ya yi faɗi. Iya gudun gas, iya faɗin layi.

Garke shida

Ba Seyfert ne ya fara cin karo da irin wannan haske ba. Tun a 1908 Edward Fath na cibiyar Lick ya ga layuka masu haske a wani garke mai lamba NGC 1068, sannan Vesto Slipher ya tabbatar da haka a 1917. Amma an ɗauki abin a matsayin wani baƙon hali na garke ɗaya ko biyu.

Abin da Seyfert ya yi shi ne tattara su wuri guda, ya nuna cewa dangi ne. Ya zaɓi shida ya bi su dalla-dalla: NGC 1068, NGC 1275, NGC 3516, NGC 4051, NGC 4151 da NGC 7469. Dukkansu suna da 'yar ƙaramar zuciya mai tsananin haske, wadda a hoto take fitowa kamar tauraruwa guda a tsakiyar garken. Dukkansu kuma suna fitar da layuka masu haske, masu faɗin da ba a saba gani ba.

Da ya mayar da faɗin zuwa lissafin gudu, sai ya samu har kilomita 8,500 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ke irin wannan gudu zai zagaye duniyarmu cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. A garke na yau da kullum, gudun gas da taurari bai wuce kilomita ɗari biyu zuwa ɗari uku a daƙiƙa ba.

Ya kuma lura da wani bambanci a tsakaninsu. A wasu, irin su NGC 4151, layukan haidirojin sun fi na sauran sinadarai faɗi nesa ba kusa ba, sun baje kamar fukafukai. A NGC 1068 kuwa babu waɗannan fukafukai, layukan haidirojin da na sauran kusan kai ɗaya suke. Ya rubuta wannan kamar yadda ya gan shi, ya wuce. Bai san cewa wannan ɗan bambanci zai ci wa masana rabin ƙarni ba.

Kafin maƙalar ta fito, yaƙi ya riga ya sauya masa aiki. Amurka ta shiga yaƙin a Disambar 1941. A 1942 ya koma Cleveland, kwalejin kimiyya ta Case, yana koyar da sojoji yana kuma taimakawa a binciken sirri na soja. A ɗan lokacin da ya rage masa, shi da Jason Nassau suka yi aikin ɗaukar hotunan sama masu launi a cibiyar Warner and Swasey, abin da ba a cika samun nasara a kansa ba a wancan zamani.

Me ya sa aka yi watsi da maƙalar? Yaƙi na ciki. Amma babban dalili shi ne babu wanda ke da bayanin da zai sa ta a ciki. Masana na lokacin sun ɗauki garke a matsayin tarin taurari kawai, ba su da wurin ajiye wata zuciya mai wuta a tsakiyarsa. Shi kansa Seyfert bai sake yin wani babban aiki a kan batun ba.

Gayyar gina cibiya

A 1946 Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville a jihar Tennessee ta ɗauke shi aiki. Abin da ya tarar ba mai ƙarfafa gwiwa ba ne: tsohon madubi mai faɗin inci 6, wanda ake amfani da shi tun ƙarni na 19, da 'yan darussa kaɗan. Mutumin da ya fito daga wurin madubi mai inci 100 ke nan.

Jami'a ba ta da kuɗin gina sabuwar cibiya, shi ma bai zauna jiran gwamnati ba. Ya shiga gari. Ya riƙa gabatar da jawabai a makarantu da ƙungiyoyi, yana bin 'yan kasuwa da masu masana'antu ofis-ofis. Wanda ba zai iya ba da kuɗi ba, ya ba da abin da yake sayarwa ko aikin hannunsa. Sama da kamfanoni da gidauniyoyi 80 ne suka sa hannu. Arthur J. Dyer, mai kamfanin gina gadoji na Nashville, yana cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyi, shi ya sa aka sa wa cibiyar sunansa.

Duk wanda ya ga yadda ake tayar da makarantar Islamiyya ko masallacin unguwa a Kabo ko Garo, wannan ya kawo bulo, wancan ya kawo kwano, magini ya sadaukar da yininsa, ya san irin aikin. Gayya ce, sai dai ta kallon taurari. A Disambar 1953 aka buɗe Cibiyar Dyer a kan wani tudu kudu da birnin, da madubi mai faɗin inci 24. Seyfert ya zama shugabanta na farko.

Mutanen Nashville da yawa ba su ma san shi da wata maƙala ba. Sun san shi ne a matsayin mutumin da ke karanta hasashen yanayi a tashar talabijin ta WSM a shekarun 1950. Ya kuma zauna a kwamitocin da suka tsara manyan cibiyoyin nazarin taurari na ƙasa a Amurka.

Bai daina bincike ba. A 1951 ya bayyana wani cunkoson garke da ake kira Shidan Seyfert har yau. Daga baya an gano cewa huɗu ne kawai ke tare da gaske. Na biyar yana can nesa a bayansu, ya dai faɗo kan layi ɗaya ne da su, na shida kuma ba garke ba ne, yagaggen yanki ne na taurarin da aka fizgo daga jikin ɗayansu.

Shekara uku kacal

A wannan tsakanin, wata sabuwar hanyar kallon sama ta ɓullo. Injiniyoyin da suka yi aikin na'urar rada a lokacin yaƙi suka juya eriyoyinsu sama, suka fara jin igiyoyin rediyo daga wurare daban-daban. A 1954 Walter Baade da Rudolph Minkowski suka nuna cewa ɗaya daga cikin masu ƙarfin nan daga NGC 1275 yake fitowa, ɗaya daga cikin shidan da ke maƙalar 1943. A 1959 Lodewijk Woltjer ya yi lissafin da ya nuna cewa zuciyar irin waɗannan garke ƙarama ce ƙwarai, kuma dole akwai nauyi mai yawan gaske a cikinta, in ba haka ba gas mai irin wannan gudu da tuni ya watse.

An fara kakkaɓe ƙurar maƙalar ke nan, sai ajali ya yi kira. Ranar 13 ga Yunin 1960 Seyfert ya rasu a hatsarin mota a Nashville, yana da shekara 49.

A Fabrairun 1963 Maarten Schmidt na cibiyar Palomar ya warware layukan wani abu mai kama da tauraruwa, mai lamba 3C 273. Ashe ba tauraruwa ba ce. Wani abu ne da ke nesa da mu da tafiyar haske ta sama da shekara biliyan 2, kuma haskensa ya ninka na garke sukutum. Aka sa wa irinsa suna kwazar. Layukansa faffaɗa ne, irin waɗanda Seyfert ya auna shekara ashirin da suka wuce. Nan take masana suka koma neman tsohuwar maƙalar. Ashe kwazar yayan garken Seyfert ne, sai dai shi ya fi ƙarfi ya kuma fi nisa.

Bayanin ya biyo baya. A 1964 Edwin Salpeter a Amurka da Yakov Zeldovich a Tarayyar Sobiyat, kowa daban, suka kawo shawarar cewa baƙin rami ne ke haɗiye gas. A 1969 Donald Lynden-Bell a Ingila ya faɗaɗa wannan bayani. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya cure har haske ma ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Shi kansa duhu ne. Amma gas ɗin da ke faɗawa ciki kan fara kewaya shi kamar faifai, yana gogar juna yana zafi, har ya fitar da hasken da ya fi na biliyoyin taurari. Gajimaren da ke dab da ramin su ne ke gudun dubban kilomita a daƙiƙa, su ke ba da faffaɗan layuka. Waɗanda ke nesa kuwa a hankali suke tafiya, su ke ba da sirara.

Masu faɗi da marasa faɗi

A nan ne bambancin da Seyfert ya lura da shi ya dawo. Daga 1967 Benjamin Markarian na cibiyar Byurakan a Armeniya ya fara fitar da jerin garke masu baƙon haske, har suka kai kimanin 1,500, kuma aka samu irin na Seyfert da dama a ciki. A 1974 Edward Khachikian na Byurakan da Daniel Weedman suka raba su gida biyu. Weedman kuwa a Cibiyar Dyer yake aiki a lokacin, wadda Seyfert ya yi bara ya gina.

Gida na ɗaya su ne masu faffaɗan layuka da sirara tare, kamar NGC 4151. Gida na biyu su ne masu sirara kaɗai, babu faffaɗa, kuma NGC 1068 ne jagoransu.

Tambayar a fili take. Idan duka baƙin rami ne ke hura musu wuta, ina faffaɗan layukan gida na biyu suka shiga? Babu gas ɗin mai gudu ne kwata-kwata, ko kuwa wani abu ne ya kare shi?

Gammon ƙura

Amsar farko ta zo a 1985 daga cibiyar Lick, inda Fath ya fara ganin layukan shekara 77 kafin nan. Robert Antonucci da Joseph Miller suka yi dabara. Hasken da ya bugi wani abu ya dawo yana da wata alama da ta bambanta shi da wanda ya zo kai tsaye, kuma akwai na'urar da ke iya tace shi. Da suka tace hasken NGC 1068 suka ware wanda ya yi tsalle kaɗai, sai ga faffaɗan layukan nan ɓaro-ɓaro.

Misalin kamar wuta ce aka hura a tsakar gida da daddare. Wanda ke kan soro yana ganin harshenta. Mai wucewa ta bayan katanga ba ya gani, amma idan ya ɗaga kai zai ga hayaƙin da ke tashi ya yi ja. Wutar ɗaya ce, wurin tsayuwa ne ya bambanta.

Katangar a nan wani kauri ne na ƙura da gas da ya kewaye baƙin ramin, mai siffar gammo. Idan garken ya fuskanto mu ta bakin gammon, muna hangen ciki, sai mu ce gida na ɗaya ne. Idan ta gefe muke kallonsa, gammon ya tare zuciyar, sai mu ga siraran layukan gajimaren da ke sama da ƙasa kaɗai, mu ce gida na biyu ne. A Fabrairun 2022 wasu masana da ke amfani da manyan madubai huɗu a hamadar Atacama ta ƙasar Chile suka fitar da hotunan wannan ƙura a zuciyar NGC 1068, tana rufe da ramin kamar yadda aka zata.

A Nuwambar shekarar kuma na'urar IceCube, wadda aka binne a cikin ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya, ta ba da shaidar cewa wasu ƙwayoyin zarra da ake kira niyutirino, kimanin 80, daga wajen NGC 1068 suka zo. Su waɗannan ƙwayoyi ƙura ba ta tare su, ratsa ta suke yi su wuce.

A ɓoye yake, ko babu shi?

Da a ce nan maganar ta ƙare, da an huta. Amma da Hien Tran ya yi irin wannan tacewar ga garke da dama na gida na biyu a farkon shekarun 2000, kusan rabinsu ne kawai suka nuna ɓoyayyun faffaɗan layuka. Sauran shiru. Wasu daga cikinsu ma da aka duba su da hasken eksire, ba a ga alamar wata ƙura mai kauri da ta tare hanya ba. Babu katanga, amma ba a ga harshen wuta ba.

Daga nan aka fara maganar 'yan gida na biyu na haƙiƙa, wato waɗanda ba ɓoye faffaɗan layuka suka yi ba, ba su da su ne. Masu wannan ra'ayi na ganin cewa idan abincin baƙin rami ya yi ƙaranci sosai, iskar da ke tashi daga faifan ta samar da gajimaren nan masu gudu takan mutu, sai layukan su ɓace.

Shekaru da dama garken NGC 3147, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 130, shi ne babban misalin da ake kafa hujja da shi. A 2019 Stefano Bianchi da abokan aikinsa suka auna shi da madubin Hubble da ke shawagi a sararin samaniya, suka toshe hasken taurarin da ke kewaye. Sai ga faffaɗan layi, siriri a ƙarfi amma mai faɗin gaske, daga gas da ke gudun da ya haura kashi 10 cikin 100 na gudun haske. Ashe hasken taurarin garken ne ya danne shi, kamar yadda fitilar mota ke danne hasken ashana.

Akwai kuma masu sauya kama. NGC 4151, wanda Seyfert ya auna da faffaɗan layuka, a 1984 an tarar layukan sun kusa ɓacewa gaba ɗaya, daga baya suka dawo. Gammon ƙura ba zai juya cikin 'yan shekaru ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne abincin ramin ne ke raguwa yana ƙaruwa.

Ke nan rashin faffaɗan layi na iya zama ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: ƙura ta kare, ko hasken taurari ya danne, ko wutar ta lafa na ɗan lokaci, ko kuwa babu gajimaren tun asali. Ukun farko an tabbatar da su. Na huɗun ne har yanzu ake ja-in-ja a kansa, domin duk lokacin da aka ƙera madubi mafi kaifi, sai wani daga cikin misalansa ya faɗi. Amsar na da muhimmanci, domin da faɗin waɗannan layuka ne ake auna nauyin baƙaƙen ramuka na nesa, kuma da su ake ƙirga nawa ne ke ci, nawa ne suka ƙoshi suka kwanta. Namu garken ma yana da nasa ramin a tsakiya, mai nauyin rana miliyan 4, wanda a yanzu yake kwance lamo.

Abin da ya bari

A 1970 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta sa wa wani rami mai faɗin kilomita 110 a bayan wata sunan Seyfert. Madubin Cibiyar Dyer ma sunansa yake amsawa, kuma har yau ana buɗe wa 'yan makaranta da jama'ar gari ƙofa su leƙa sama da shi. Matarsa Muriel ta rayu har 1997, ta ga duk abin da shi bai gani ba, tun daga kwazar har zuwa gano ɓoyayyun layukan NGC 1068.

Shi wannan garke, wanda aka fi sani da M77 tun bayan da Bafaranshe Pierre Méchain ya gano shi a 1780, yana bi ta saman ƙasar Hausa kowace shekara. Daga Nuwamba zuwa Disamba, bayan sallar isha'i zuwa tsakar dare, yakan hau kusan tsakiyar sama a Kabo da Gwarzo, kudu maso yamma da Kaza da 'Ya'yanta. Ido kaɗai ba ya ganinsa, amma ƙaramin madubin hangen nesa zai nuna shi kamar ɗigon hazo mai haske a tsakiya. Hasken ya baro can ne tun shekara miliyan 47 da suka wuce. Mai son gani sai ya nemi daren da babu farin wata, ya fita bayan gari inda babu fitilu, ya kuma yi sauri kafin ƙurar hunturu ta sauko ta rufe sama.